Gas ɗin iyakwandishan ya canja: in gyara tsohuwar na'urata ko in sayi sabuwa?

Wani magidanci daga Hotoro ya aiko da tambaya. Yana da iyakwandishan biyu tsofaffi masu aiki da gas ɗin R22, kuma kusan duk bazara sai an ƙara musu gas. Bana mai gyara ya ce masa wannan gas ɗin ya kusa ɓacewa daga kasuwa, gara a zubar da shi a ɗura masa sabon da ake yayi. Da ya leƙa shagunan Sabon Gari sai ya tarar wasu na'urorin an rubuta musu R410A, wasu R32, maƙwabcinsa kuma ya ce R32 wuta yake kamawa. Yana son sanin gaskiyar lamarin, da abin da ya fi masa tsakanin gyara da saye.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya fi gaggawa shi ne kada ka bari kowa ya ɗura R410A ko R32 a na'urar da aka ƙera don R22. Kowace na'ura da gas ɗinta aka ƙera ta, tun daga kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagaya da shi, har kaurin bututu da irin man da ke ciki. Ƙarfin matsin R410A da R32 ya fi na R22 da fiye da rabi. Idan na'urar R22 tana aiki lafiya, gejin mai gyara yakan nuna wajen 60 zuwa 70 a ɓangaren babban bututu, na sababbin kuwa yakan kai 120 ko ya wuce. Man ma daban ne: R22 da man ma'adini yake tafiya, sababbin kuwa da wani haɗaɗɗen mai na masana'anta. In aka haɗa gas da man da ba nasa ba, man ba ya komowa kwamfuresa yadda ya kamata, sai ta yi ta aiki a bushe ga kuma nauyin da ya fi ƙarfinta. Za ka ji sanyi na ɗan lokaci, ka yi wa mai gyara godiya, daga baya a ce maka kwamfuresa ta ƙone. Akwai haɗe-haɗen gas da aka yi don maye gurbin R22, irin su R407C, amma shi ma sai an canja mai an wanke bututu, kuma wajen ɗumama yanayi kusan kunnen doki suke da R22. A ƙaramar na'urar ɗaki, ban ga ribar wannan wahalar ba.

Sai maganar ƙarin gas duk shekara, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. Gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa. Ba ƙone shi ake yi ba, zagaye kawai yake yi kamar jini a jiki: ya kwashi zafi a ɗaki, ya kai shi injin waje ya sauke, ya dawo. Na'urar da aka haɗa da kyau tana iya shekara goma ba a ƙara mata ko giram ɗaya ba. Duk wadda ake ƙara wa gas duk bazara, yoyo take yi, kuma kuɗin da kake biya na cika abin da zai sake tsiyayewa ne. Ka zagaya bayan gida ka duba inda bututun jan ƙarfe biyu suka shiga injin waje. Idan ka ga notin wurin ya yi maiƙo, ƙurar hunturu ta manne masa ta yi baƙi alhali sauran jikin injin a bushe yake, to nan ne. Man da ke tafe da gas shi ke fitowa ya tona asirin wurin. Alama ta biyu ita ce ƙanƙara a kan siririn bututu. Mai gyara na ƙwarai zai shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ko ya cika bututun da iskar naitirojin ya sa ido a geji, ya nemo ɓular ya toshe kafin a yi zancen gas. Kafin duk wannan ma a wanke na'urar tukuna. A Kano, bayan hunturu, rariyar ciki da ta injin waje kan toshe da ƙura har sanyi ya ragu, mai gida ya ɗauka gas ne ya yi ƙasa alhali wanki kawai take so.

To mai gyaranka ƙarya ya yi da ya ce R22 zai ɓace? A'a, a nan ya faɗi gaskiya, sai dai ba gobe ba ne. Asalin abin ya koma 1974, lokacin da masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa sinadarin kulorin da ke cikin gas ɗin firiji na wancan zamani yana hawa sama ya cinye shimfiɗar ozon, wadda ke tare mana mugun hasken rana mai haddasa sankarar fata da yanar ido. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton cewa shimfiɗar ta yi wata gagarumar ɓula a saman Antatika. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka ƙulla yarjejeniyar Montiriyal a ƙasar Kanada, wadda duk ƙasashen duniya suka shiga daga baya, har da Najeriya. Da R12 aka fara, gas ɗin tsofaffin firiji da motoci, wanda ƙasashe masu tasowa suka daina shigo da shi a 2010. R22 shi ma yana da kulorin amma ɓarnarsa ga ozon kaɗan ce a kan ta R12, shi ya sa aka ba shi wa'adi mai tsawo. Ga ƙasashe irin namu an tsayar da adadinsa a 2013, aka rage kashi 10 cikin ɗari a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025, sannan a 2030 a rufe ƙofa, sai ɗan abin da aka bari don gyaran tsofaffin na'urori har 2040. A Najeriya, Ofishin Ozon na Ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya shi ke kula da wannan jadawali. Ba wanda zai zo gidanka ya cire maka na'ura, kuma amfani da ita ba laifi ba ne. Abin da zai faru shi ne gas ɗin zai yi ta ƙaranci, ga shi kaya ne da ake shigowa da shi da dala, kuma duk kayan da ya yi ƙaranci jabunsa ke yawa.

R410A shi ne magajin da aka fara kawowa. Ba shi da kulorin, don haka ba ruwansa da ozon, kuma ba ya kama wuta. Amma sai aka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ana auna kowane gas da yawan zafin da yake riƙewa a sararin sama idan aka kwatanta shi da iskar kabon da ke fita daga salansar mota da janareta, a tsawon shekara ɗari. Da wannan ma'auni R22 yana da 1,810, R410A kuwa 2,088. Wato kilo ɗaya na R410A da ya tsiyaye daidai yake da tan biyu da ɗoriya na kabon, kwatankwacin hayaƙin litar fetur kusan 900. Na'urar ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi takan ɗauki abin da ya kusa kilo guda. Ka lissafa gidaje da ofisoshi da masallatai da shagunan Kano da ake ƙara wa gas daga Maris zuwa Mayu.

Wannan ne ya kai ga gyaran fuskar da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali, babban birnin Ruwanda, a watan Oktoban 2016. Najeriya ta amince da shi a ƙarshen 2018, ya fara aiki a duniya ranar 1 ga Janairun 2019. Rukunin ƙasashen da muke ciki ya tsayar da adadin dangin R410A a 2024, zai rage kashi 10 a 2029, kashi 30 a 2035, rabi a 2040, kashi 80 a 2045. Masana sun ƙiyasta cewa idan aka cika alkawarin, za a kauce wa ƙarin zafin duniya da ya kusa rabin digiri kafin ƙarshen wannan ƙarni. Rabin digiri kaɗan ne a takarda. Ga garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, inda mafi yawan mutane ba su da ko fanka mai wuta, ba kaɗan ba ne, kuma waɗanda ba su da iyakwandishan su suka fi shan wuyar abin da tamu take fitarwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a daina sakin gas a iska ba gaira ba dalili.

R32 ba baƙo ba ne. Shi kansa R410A haɗi ne na R32 da wani gas mai suna R125, rabi da rabi, kuma an sa R125 ɗin ne don ya hana kama wuta, sai dai shi ne ya ɗaga lambar ɗumamar. Da aka cire shi aka bar R32 zalla, lambar ta sauko zuwa 675, kusan kashi ɗaya cikin uku. Yana kuma kwasar zafi fiye da R410A, don haka na'ura ba ta buƙatar mai yawa. Kamfanin Daikin ne ya fara sayar da na'urar ɗaki mai R32 a Japan a 2012, yanzu kuwa yawancin manyan kamfanoni sun bi sahu. Ga mai gyara yana da wani sauƙi: tun da gas ɗaya ne ba haɗi ba, ba a fargabar rabin haɗin ya tsere ya bar rabi, alhali R410A dole a ɗura shi a ruwansa, ba a tururinsa ba. Turai ta hana sayar da ƙananan na'urori masu raba biyu, wato masu injin ciki da na waje, da lambar gas ɗinsu ta kai 750 daga 2025. Amurka ma ta juya wa R410A baya a sababbin na'urori, inda kamfanoni da yawa suka koma R454B mai lamba 466, wasu kuma R32. Wannan ya shafe mu, domin ba mu muke ƙera kwamfuresa ba. Inda manyan kasuwanni suka nufa, can masana'antun Sin suke nufa, kuma kayan gyaran da za ka samu nan da shekara goma na wannan hanyar ne.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. R32 yana cikin rukunin da ake kira A2L, wato mai ɗan kama wuta a hankali. Sai ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari na iskar wuri kafin ya iya kamawa, gas ɗin girki kuwa kashi 2 ya ishe shi. Ko ya kai hakan, sai da harshen wuta sosai, kuma cinsa a sanyaye yake. Abin da ke cikin na'urar ɗaki guda, ko duka ya zube a falo na yau da kullum, da wuya ya kai wannan mataki. Shi ya sa littafin na'urar ke faɗin mafi ƙanƙantar ɗakin da za a kafa ta, kuma a bi wannan. R32 ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, don haka ba a kafa injin waje a lungun da iska ba ta ratsawa ko kusa da murhu da janareta. Haɗarin gaske yana wurin mai gyara ne, lokacin da zai kunna wutar walda a kan bututun da bai gama kwashe gas ɗinsa ba. Hayaƙin da ke tashi idan wuta ta taɓa irin waɗannan gas, har da R22 da R410A, guba ne ga huhu. Fashewar kwamfuresa da ake ji kuwa, sau da yawa ba laifin gas ba ne: iska ce ke shiga ta gauraya da mai a ƙarƙashin matsi da zafi, ko kuma wani ya gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda maimakon naitirojin. Oksijin da mai ba sa haɗuwa a bututu. Duk wanda ka gani ya jawo tukunyar oksijin zai hura wa na'urarka, ka dakatar da shi nan take.

Akwai wani kuma, R290, wanda lambarsa 3 ce kacal. A wajen muhalli babu kamarsa, kuma yana jure zafi sosai. Kamfanin Godrej na Indiya yana ƙera na'urorin ɗaki da shi tun 2012. Ɗan'uwansa R600a yana cikin yawancin sababbin firiji, mai yiwuwa har da wanda ke kicin ɗinka, ba tare da wata matsala ba saboda ɗan kaɗan ake sawa. Amma R290 furofen ne, dangin gas ɗin girki, mai saurin kamawa, kuma na'urarsa an ƙera ta ne musamman da kayan lantarki a rufe don kada tartsatsi ya same shi. A nan nake roƙon abokan sana'a su ji tsoron Allah. Ɗura gas ɗin girki a tsohuwar na'urar R22 don yana da araha kuma yana ba da sanyi, ganganci ne da rayukan mutane. Gas ɗin girki haɗi ne da butan, ga danshi ga datti, kuma tsohuwar na'urar tana da wuraren da ke tartsatsi. Ɗakin kwana ne, ƙofa a rufe, yara suna barci a ƙasa inda gas ɗin ke taruwa.

Jabu ma abin tsoro ne. A 2011 kwantenoni masu sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, aka rasa rayuka, bincike ya nuna jabun gas ne mai ɗauke da sinadarin R40, wanda ke cin alminiyon da ke cikin kwamfuresa ya haifar da abin da ke kamawa da kansa idan ya sha iska. Launin tukunya ba hujja ba ne. An saba ganin R22 a kore-kore, R410A a ruwan hoda, amma fenti kowa na iya shafawa. A sayi gas wurin dila sananne, tukunya a like, kuma idan farashin ya yi araha fiye da kima a yi tambaya.

Yanzu ga shawarata a kan naka biyun. A wanke su, a nemo yoyon. Idan a noti ne ko a bututun da ke tsakani, gyara ne mai sauƙi: a yanke bakin bututun a sake buɗa shi, a ɗaure, a zuƙe iska, a ɗura R22 na gaske a kan sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin waje. Na'urar da aka yi wa haka za ta iya yi maka wasu shekaru, kuma ci gaba da amfani da wadda ba ta yoyo ya fi jefar da ita. Idan kuwa rariyar ce ta rube tana ɓulewa nan da can, ko kwamfuresa ta fara gajiya tana jan wuta tana yankewa da rana tsaka, kada ka ƙara zuba kuɗi. Ka fara canja wadda ta fi yin aiki, yawanci ta ɗakin kwana.

In za ka saya, ka sayi R32 mai inbata, wato wadda kwamfuresarta ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata. R410A ba mummuna ba ce, kuma wanda yake da ita ya ci gaba da abinsa, gas ɗinta zai daɗe ana samu. Amma ban ga dalilin sayen sabuwa yau a kan gas ɗin da aka riga aka sa wa ranar raguwa ba. Na'urar R410A ma kada a ɗura mata R32, domin ya fi zafi a bakin kwamfuresa kuma ba a ƙera ta don gas mai kamawa ba. Inbata kuwa tana da muhimmanci domin kaso mafi girma na illar iyakwandishan ga yanayi daga wutar da take sha yake zuwa, musamman a nan da rabin aikin a kan janareta yake. Ba ta fizgar wuta lokacin tashi, tana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, shi ya sa take zama lafiya da ƙaramin janareta da sola, kuma wanda ke layin Band A mai tsadar kuɗin wuta zai ga bambanci a mita. Rauninta shi ne allon lantarkinta ba ya son wutar da ke hawa da sauka, sai a haɗa mata abin kariya. Ka duba takardar jikin injin ko akwai alamar T3. Na'urar T1 a zafin digiri 35 aka gwada ta, T3 kuwa a 46, wanda ya fi kusa da abin da injin waje ke fuskanta a jikin bangon da rana ke duka a Kano. 'Yan kwatano kuwa ka bar su. Tsofaffin iyakwandishan da firiji suna cikin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, kuma yawancinsu abin da wasu ƙasashe suka yar ne saboda wannan canjin da muke magana a kai.

Ranar kafawa ka tsaya a wurin, domin a nan ake samun riba ko a yi asara. Kada a yi amfani da tsohon bututun R22, akwai ragowar mansa a ciki kuma wataƙila siriri ne. Sabon ya zama jan ƙarfe na gaske mai kaurin bango milimita 0.8, ba alminiyon da aka shafa wa launi ba. Ka tambayi mai kafawa ko ya zo da injin zuƙe iska. Abin da aka saba a garin nan shi ne a buɗe bawul, a sassauta noti, a bar gas ya yi tsaki na ɗan lokaci wai ya kore iska, a ɗaure. Wannan ya zubar da wani ɓangare na gas ɗin da ka saya tun ranar farko, kuma bai fitar da danshi ba. Man sababbin na'urori yana shan danshi, ya koma asid, ya ci rufin wayar kwamfuresa sannu a hankali, bayan shekara biyu a ce kamfanin ne ba shi da kyau. A haɗa injin zuƙe iska ya yi aiki aƙalla minti 15, a kashe a ga allurar geji ta tsaya cik, sannan a buɗe gas. Idan bututun ya wuce tsawon da kamfani ya yi wa tanadi, yawanci wajen mita 5, littafin ya faɗi giram nawa za a ƙara a kowace mita, kuma da sikeli ake ƙarawa, ba da taɓa bututu da hannu a ji sanyi ba. Bakin da ake ɗura gas a sababbin ma ya fi na R22 faɗi, don haka wanda ya zo da tsohon gejinsa kaɗai bai shirya wa aikin ba. Ƙungiyar masu sana'ar firiji da iyakwandishan ta ƙasa, NARAP, wuri ne da za a iya tambayar wanda ya sami horo a kan sababbin gas.

Tsohuwar da za a cire kuma, kada a yanke bututu a saki gas ɗinta. Idan kwamfuresar tana tashi, mai gyara zai rufe bawul ɗin siririn bututu tana aiki, ta janye gas ɗin duka zuwa injin waje, ya rufe na babban, ya kashe ta kafin ya kwance ko noti ɗaya. Aikin 'yan mintuna ne. Daga nan mai injin kwashe gas zai iya juye shi a tukunya, kuma idan mai tsabta ne, shi za a ajiye don ɗaya na'urar taka da ta rage.